Biyu Goyo Ukku

Kun tashi kuna jin mutanen Filinge suna ce mini Iko, kuma kowannenku ya ɗauki labarin da ya yi masa daɗi. Babbanku ya taɓa gaya wa abokansa wai na zagi shugaban soja a tsakiyar kasuwa. Ƙanwarsa ta jiyo a gidan biki wai shekara guda na yi a kurkuku ana dukana. Auta kuwa har a lakkwal, makarantar boko, ya rubuta cewa ubansa ɗan gwagwarmaya ne, mushe, malaminsu, ya ba shi maki mai kyau. To ku saurara. Ban zagi kowa ba, ba wanda ya taɓa jikina, kuma abin da ya raba ni da aikin gwamnati lissafi ne, lissafin ma na 'yan aji biyu na kwalej. Zan faɗa muku yadda anka yi, wanda ya ga dama ya ci gaba da ƙaryarsa bayan na mutu.

Aji biyu na yi a kwalej anka koro ni. Ba don daƙiƙanci ba, a lissafi ba wanda ke gabana. Dikte, wato shifta, ta kashe ni. Faransanci harshe ne da ake rubuta harafi a hana ka faɗinsa, in ka manta da shi kuma a cire maka maki, ni ko ban taɓa yarda da wannan tsari ba. Na komo ƙauyenmu, can kan hanyar Sanam, ina noma da kakanku. Kakanku tsohon soja ne, kamar rabin tsofaffin ƙasarmu ta Kurfai, kowa Kaparal yake ce masa, kuma bai yi baƙin cikin korata ba, don a ganinsa ɗan Kurfai da bai sa kaki ba bai gama zama namiji ba. Ana nan sai soja sunka ƙwace mulki, anka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyuka, ana neman wanda ya iya riƙe alli. A garinmu ni kaɗai ne. Anka ba ni tablo, baƙin allon rubutu, da rumfar zana a ƙofar gidan maigari, anka kuma yi mini alkawari cewa in ajin ya tafi daidai, bayan damina za a tura ni Yamai horo in fito cikakken mushe mai albashi. Ku riƙe wannan, don shi ne duk abin da nake da shi a duniya a lokacin. Ko uwarku ban nema ba tukuna, ina jira in dawo daga Yamai da takalmi rufaffe.

Ɗalibaina duk sun girme ni. Akwai masu furfura, akwai waɗanda sunka yi yaƙi a ƙasashen da ban san sunansu ba. Karatun baƙaƙe suna so, amma in anka zo lissafi sai hamma. Tarawa da ɗebewa ne kawai aka ce in koyar, su kuma sun gaji da tara mangwaro a tablo. Wata rana wani tsoho mai awaki da ake kira Sanda, mutum mai tsokana, ya ce mini shi fa yana ganin a lakkwal ɗin nan ba a koya mini kome ba sai sa wando. Anka yi dariya. Raina ya ɓaci, na ce bari in nuna musu abin da ko maigari bai taɓa gani ba. Na ɗauko darasi na ƙarshe da na koya kafin a kore ni. Na rubuta biyu babba, na ɗora mata ɗan ƙaramin ukku a kafaɗar dama, na ce wa zai faɗa mini nawa ne. Wani ya ce biyar. Wani ya ce ashirin da ukku. Sanda ya ce shida, biyu sau ukku. Na ce duk kun faɗi, takwas ne. Na yi musu bayani da awakin Sanda ɗin: akuya ta haifi mata biyu, kowace cikinsu ta haifi biyu, huɗu ke nan, kowace cikin huɗun ta haifi biyu, takwas. Ƙaramin da ke bisa ba a tara shi, ba a kuma ninka babba da shi. Aikinsa ya faɗi sau nawa babba zai ninka kansa. Na rubuta goma da ɗan ukku a kafaɗa, munka lissafa tare, goma sau goma sau goma, sai ga dubu. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba. Sanda ya tambayi sunan abin, na faɗa masa da Faransanci, ya ce shi ba Nasara ba ne, in faɗa da Hausa. Kalmar tasu in ka juya ta kai tsaye iko take nufi. Sai na ce:

"Sunansa iko. Wannan biyu iko ukku. Ƙaramin nan da ya haye kafaɗar babba shi ke da iko, babba ba ya motsi sai yadda ya ce."

Na ga tsofaffin sun kalli juna, na ɗauka mamakin ilimina suke. Abin da ban tuna ba shi ne a shekarar anka kawo mana wani laftanan ya riƙe Filinge, yaro ƙarami, gajere, wanda sarakuna masu jikoki ke cire takalmi in za su shiga ofishinsa. Kafin kasuwa ta zagayo maganata ta riga ni shiga gari. In yaro ya hau wuyan ubansa sai a ce biyu iko ukku. In tsuntsu ya sauka a bayan bijimi, biyu iko ukku. Rannan laftanan ya hau bayan mota yana jawabi don mutane su gan shi, wani daga cikin taro ya faɗa a hankali, dariya ta bi layi har ta kai gaba. Ba a jima ba jandarma ya zo ƙauyenmu a kan babur ya ce ana nemana a birgad, ofishin jandarmomi.

Shugaban birgad ɗin wani Bazabarme ne daga bakin kogi, Ajidan Sumana, ƙaton mutum mai sanyin magana. Ya sa na rubuta masa abin da na koyar a takarda. Ya duba, ya yi dariya har kujerarsa na ƙara, ya ce shi ma a nan darasin ya fara tsanar lakkwal. Sannan ya daina dariya ya ce laftanan bai ga abin dariya ba, an gaya masa akwai wani mushe a daji yana koya wa tsofaffin soja habaici da alli. Ya ce ga abin da za a yi: zai zo garinmu ranar Laraba da magatakardan laftanan, in sake darasin nan a gabansu tun daga farko, amma kada kalmar iko ta fito daga bakina ko bakin wani. In nemo wani suna. In anka tashi lafiya zai rubuta cewa lissafi ne, zancen Yamai yana nan. In ba haka ba, a rufe aji.

Da na komo gida na tarar labari ya riga ni. Kakanku yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida, kakarku Hajo tana dakan gero, Gwaggo Kande ƙanwar kakanku ta zo jin kwakwaf ta ƙi tafiya. Kakanku ya fara da faɗa. Ya ce shi ya yi shekaru yana sara wa yaran da ya isa ya haife su, bai taɓa buɗe baki ba, ni daga ba ni alli na ja masa jandarma har ƙofar gida. Da ya huce sai ya ce in zana masa abin a ƙasa. Na zana da tsinke. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai galan ne," in ji shi. "Irin na kafaɗar soja. Ce musu galan. In galan ya ƙaru mutum ya kumbura, ba haka lissafin naka yake ba?"

Na ce Baba, in na faɗi haka a gaban magatakarda ba birgad za a kai ni ba, Yamai za a kai ni, amma ba horo ba. Ya yi tsaki ya ce to ya gama nasa. Gwaggo Kande ta leƙo ta ce ita dai kaska ta gani a wuyan saniya. Na roƙe ta don Allah ta yi shiru. Ta ce to balbela. Ta ce to ɗan biri. Duk abin da za ta kawo sai ya fi na baya muni, kuma tana faɗa tana dariya har da hawaye, kakanku yana cije leɓe wai shi ba ya dariya. Na gwada hula, sunka ce hula ba ta zama a kafaɗa. Na gwada mahayi, kakanku ya ce to wa ne dokin. A nan na gane cewa a ƙasar da soja ke mulki ba abin da za ka ɗora a kan wani abu bai zama siyasa ba.

Kakarku duk wannan tana ta dakanta. Sai da ta sauke taɓarya ta zo ta tsaya a kaina ta dubi zanen.

"Ku maza ba ku da ido. Ƙarami bisa bayan babba, mi ne ne in ba goyo ba? Kuma ba haihuwa kac ce yana ƙirgawa ba? To goyo ne."

Ta koma dakanta. Munka shiga juya kalmar. Biyu goyo ukku: haihuwa ukku, goyo ukku. Ba soja a ciki, ba sarki, ba mai umurni. Uwa ce da ɗanta. Har yau ina ganin ya fi sunan da Nasara sunka sa masa, kuma da anka bar ni na zama mushe da yanzu haka yaran Kurfai ke kiransa. Kakanku ya ce ba laifi, wanda a bakinsa yabo ne babba. Na bi ɗalibaina gida gida ina gaya musu, na roƙi Sanda musamman ya riƙe harshensa. Ya rantse mini da awakinsa.

Ranar Laraba duk garin ya fito. Maza sunka cika rumfa har waje, mata sunka taru a bayan zana inda suke ji ba a ganinsu. Anka sa wa Ajidan kujera, magatakarda ya zauna gefensa, wani siririn mutum mai tabarau da ba ya amsa gaisuwa. Na fara. Na kawo akuya da 'ya'yanta, na rubuta biyu goyo ukku, aji ya amsa takwas. Na rubuta ukku goyo biyu, na ce a lura ba ɗaya suke da na farko ba, Sanda ya miƙe kamar ɗan lakkwal ya ce ukku sau ukku, tara. Na rubuta goma goyo biyu, wani tsoho da bai taɓa magana a aji ba ya ce ɗari. Na tambayi biyar goyo ɗaya, sunka yi gardama, sannan maigari da kansa ya ce ai biyar ce tana nan yadda take. Ajidan yana gyaɗa kai. Wallahi a lokacin har na fara jin ƙamshin Yamai. Na ajiye alli ina kakkaɓe hannu, sai magatakarda ya gyara tabarau ya ce yana da tambaya ɗaya.

"Mushe, tsakanin uwar da goyon, wa ke juya wani?"

Na san tarko ne. Na ce ba mai juya wani, ranka ya daɗe, ƙirga haihuwa ne kawai. Amsar ta yi, na ga Ajidan ya sa hannu a gwiwa zai tashi. Sai wata murya ta fito daga bayan zana, ba da ƙarfi ba, irin ta mace tana gaya wa ta kusa da ita, amma wurin ya yi shiru sosai har kowa ya ji.

"Wannan bai taɓa goyo ba. Ɗan goyo ai shi ke juya uwa tai. Ya ja mata kitso, ya yi mata fitsari a baya, kuma ba ta da halin sauke shi sai ran da ya ga dama."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, kuma ban sake ji ba. Tsofaffin soja suna faɗuwa a kan juna. Sanda ya kwanta a ƙasa. Maigari ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Jandarman da ya tuƙo mota ya juya baya. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, magatakarda da ke rubutu da sauri, da ni, don tun daga kalmar farko na san muryar da ta yi mini waƙar barci. Kakarku ce.

Ajidan ya bari dariyar ta lafa. Ya miƙe, ya zo dab da ni, ya dube ni cikin ido ya daɗe, sannan ya yi tambaya a hankali, kalma kalma.

"Mushe, akwai hayaniya. Kai ka ji wadda ta yi magana?"

Abin da ya zo mini a rai shi ne kakarku a bayan motar jandarma, da zanenta na daka. Na kuma tuna Yamai. Ban daɗe ina auna su ba. Na ɗaga kai na ce:

"Na ji. Ba ni faɗi."

Ajidan ya rufe ido kamar wanda haƙori ya sara. Magatakarda ya rubuta wannan ma.

Kurkukun da kuke ji ke nan: 'yan kwanaki a birgad ina sharar fili ina ba dokin wani jandarma ruwa. Ba a ko rufe ƙofa. Anka tambaye ni sunan matar sau da yawa, na ce ba ni faɗi, su ma ba su matsa ba. Da anka sake ni na tarar an ɗauke tablo. Horon Yamai anka ba wani yaro daga Bonkuku wanda na tabbata bai san bakwai sau takwas ba, ya yi ritaya yana darekta, kuna ganin gidansa mai bene in za ku tasha. Ni kuma na bi Sanda kasuwa na koyi dillancin awaki, abin da kunka ci kunka girma da shi ke nan. Ba na cewa sana'ar banza ce. Amma ni na san abin da hannuna ya iya da alli, kuma ba a sake ba ni ba. Kakanku ya kira ni wawa a gaban mutane, da dare ya yi kuma ya aiko mini da rigarsa ta salla. Kakarku ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. In zancen ya taso sai ta ce ita tambaya ta ji ta ba da amsa, kuma duk wadda ta taɓa goyo ta zo ta ƙaryata ta.

Da soja sunka sauka anka shiga jam'iyyu, sai ga 'yan siyasa a ƙofata. Kowace jam'iyya tana son in hau mumbari a nuna ni a ce ga wanda ya tsaya wa soja. Na je sau ɗaya don an ce akwai shinkafa. Mai gabatarwa ya ce an ɗaure ni an rataye ni da ƙafa, na karɓi lasifika na ce ƙarya ne, shara na yi. Ba su sake gayyatata ba. Sun yi alkawarin mayar da waɗanda anka zalunta bakin aiki, na kai kaina ofis a Filinge, na ba da labarina, mutumin ya yi dariya har ya kira na ofishin kusa ya ce in sake daga farko. Na sake. Har yau ina jiran kira.

Shekaru bayan haka, ana gab da layya, ina kasuwar Baleyara riƙe da ragon wani, sai wani tsoho mai sanda ya tsaya yana taɓa bayan ragon. Ya rame, gashi ya yi fari, amma muryar ba ta canja ba. Ajidan Sumana ne, ya yi ritaya. Ya gane ni kafin in yi magana. Munka gaisa, munka koma inuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ko mahaifiyata tana da rai. Na ce tana nan, amma me ya sa ya tambaye ta. Ya dube ni irin kallon da ya yi mini a rumfa.

"Kai har yanzu kana zaton ka ɓoye mini wani abu? Wa bai san muryar Hajo ba? Duk ranar kasuwa furarta nake sha. Ba wanda zai kama tsohuwa don ta yi zancen fitsarin jariri, da mi zan rubuta? Kalma ukku nake jira daga bakinka, ban ji ba. Na ma ce maka akwai hayaniya. Da ka faɗa, in ce mata ne ke hirarsu, in ja mai tabarau mu shiga mota. Sai ka tashi a gaban mutumin laftanan ka ce ka ji kuma ba ka faɗi. Daga nan ba sauran abin da zan iya."

Na ce masa ai na ji. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya sayi ragon bai ko taya ba.

Na shiga motar komowa. Ban sauka gidana ba, na wuce ƙauye kai tsaye. Kakarku lokacin ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, tana zaune a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na kwashe duk abin da Ajidan ya ce na gaya mata, ina jiran ta riƙe baki. Ba ta ko daina ɓara ba.

"Ashe sai yau ka gane? Mu da ke bayan zana tun ranar munka sani. Kande har tana raɗa maka, ce ba ka ji ba, ce ba ka ji ba."

Na ce to Inna, shekara da shekaru, don me ba wanda ya gaya mini.

"Ubanka ya hana. Ya ce aikin ya riga ya tafi, a bar maka abin da ka saya da shi."

Ta tura mini ƙwaryar gyaɗar da ƙafa ta ce tunda na zo in sa hannu.